Tankar Alhaji da Rijiyar Baba Gobe

Wayyo daɗi, jama'a, yau na ajiye biro! Jarrabawar ƙarshe ta zangon nan ta wuce, ko ta zo da gardama ni dai na fito da ƙafafuna. Yanzu haka ina zaune a bakin rijiyar gidanmu a Unguwar Shanu, na tsoma ƙafa cikin roba cike da ruwa, garin kamar ana toya mutum, yatsuna kuma sai ƙaiƙayi suke. Bari in ba ku wani labari tun kafin caji ya yi min halinsa.

Muna fitowa daga jarrabawa aka ce kowa ya wuce babban zauren taro, wani ɗan majalisa ya zo magana da ɗalibai. Ni fanka ce ta kai ni, ba zan yi muku ƙarya ba. Sai ga mutumin ya zo da zance biyu. Na farko, wai a sa wa kuɗin kamfe iyaka ta gaske, kuma shinkafa da atamfa da duk abin da ɗan takara ya raba da hotonsa a jiki, a sa shi cikin iyakar. Na biyu, wai a daina farautar 'yan ci-rani masu shigowa daga maƙwabta, a ba su katin aiki na rani, su shigo ta ƙofa da rana tsaka, su yi aikinsu, damina na faɗuwa su koma gona. Wani gaye a bayana ya daka tsawa, "Su koma ƙasarsu, sun cinye mana aiki!" Zaure ya kaure, rabi na tafi rabi na ihu. Ni kuwa tuni na bar wurin a raina. Zafin nan da maganar nan sun ɗauke ni cak, sun mayar da ni wani azumi, ina aji biyu a ƙaramar sakandare.

Shekarar ruwa ya yi nawa. Azumi ya faɗo a wutsiyar bazara, hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, mu kwashe shanya da gudu, sai iska ta watsa shi ta bar mu da gumi. Famfo kuwa tun ina ƙarama ado ne a gidanmu, a kansa ake rataye soson wanka. Rijiyar tsakar gida ita ce rufin asirinmu, mu da duk 'yan hayan gidan da maƙwabta, sai ga ta ta ƙafe. Ka jefa guga ka ji ƙwal, ya dawo da busasshiyar laka da ƙwaro.

Ummanmu da ƙosai da kunu take riƙe da mu, musamman da azumi. Wanda bai taɓa surfa wake ba bai san ruwan da ƙosai ke ci ba. Don haka ita ta bi ɗaki-ɗaki ta ce a haɗa hannu a ƙara wa rijiyar zurfi. Aka yarda. Aka kawo Baba Illa, wani dattijo siriri ɗan ci-rani daga wajen Tawa, can tsallaken iyaka, shi da ɗan ƙaninsa Ada. Baba Illa ne mai shiga ciki da diga, Ada yana sama yana jan bokitin ƙasa. Umma ta share musu zaure suka shimfiɗa tabarma.

Aikin yana da tsarinsa. Ana idar da sallar asuba Baba Illa zai ɗaura ɗan gajeren wando, ya yi bisimilla, ya bi ramukan taka ƙafa ya ɓace. Daga nan sai ƙarar diga, tim, tim, kamar ana daka a cikin ƙasa. Rana na take tsaka ya fito jiki duk ja, leɓe ya bushe ya yi fari, ya kwanta a zaure kamar an yar da tsumma. Bayan la'asar ya sake komawa. Da magariba Umma ta aika ni da kunu da ƙosai mai zafi, ni kuma bakina ba ya shiru.

"Baba, yaushe za a ga ruwa?"

"Gobe, ɗiyata, in Allah Ya so."

Washegari in sake tambaya, ya sake cewa gobe. Kafin a ankara yaran layinmu sun raɗa masa Baba Gobe. Ya ji, ya yi dariya har haƙorinsa na goro ya fito, ya ce sunan ya yi masa.

Ana cikin haka siyasa ta shigo layi da ƙafar dama. Mutum biyu ke neman tikitin jam'iyya ɗaya, wani Alhaji da wani Injiniya. Wata safiya muka ji hon, muka leƙa, sai ga tankar ruwa an manne ta da fostar Alhaji tun daga kai har wutsiya, yana murmushi kamar shi ya ƙirƙiro ruwan. Kyauta! Kai, ku zo ku ga gudu. Jarka, bokiti, tukunya, har da wadda ta fito da bahon wankan jariri. Injiniya ya ji labari, shi ma ya turo tasa da yamma, har da lasifika. Muka zama 'yan gata. Ruwan yana warin tsatsa, in ya kwana sai ka ga ja a gindin bokiti, amma wa ya damu? A layin tanka aka yi dambe, aka fasa jarka, aka ƙulla gabar da har yau wasu ba su kwance ba.

Yayana Auwal, wanda ya gama sakandare yana zaman jiran tsammani, ya samu shiga. Aka ba shi riga mai hoton Alhaji, shi ke riƙe tiyo a saman tanka. Yasin a lokacin ko gwamna bai kai shi ji da kai ba. 'Yan mata na "Yaya Auwal, ga tawa jarkar," shi kuma yana wani basarwa.

To daga nan fa 'yan gidanmu suka fara janye hannu daga rijiya. Mai ɗakin ƙofa ya ce, "Maman Auwal, ga ruwa na zuwa har ƙofa, mu kuma muna tara tudun ƙasa a tsakar gida?" Ɗaya bayan ɗaya suka zame. Aka bar Umma da Anti Talatu, malamar firamare 'yar kudancin Kaduna da ke ɗakin ƙurya. Ita cewa ta yi, "Ni a garinmu na ga tankar siyasa, Maman Auwal. Ba ta tsufa."

Abin bai tsaya nan ba. Yaran Alhaji suka fito da sabon salo, wai aikin unguwa na 'yan unguwa ne, baƙi su tattara. Suka bi 'yan ga-ruwa masu tura kura suka kore su, don kada wani ya sayi ruwa ya manta da alherin Alhaji. Aka ce kuma wani gida na haƙa rijiya, wato ana nuna Alhaji ya gaza ke nan. Wa za a aika? Ɗan gidan.

Ina tankaɗe garin kunu Yaya Auwal ya shigo yana sosa ƙeya.

"Umma, an ce mutanen nan su bar zauren nan."

"Wa ya ce?"

"Manya."

"Manyan uban wa? Da rigar wani a jikinka za ka zo ka kore min baƙi da azumi a bakinsu?"

"Umma, ki gane mana. In ban yi ba za a karɓe tiyon a ba wani."

"A karɓe. Ai ba da tiyo na haife ka ba."

Ya fita yana ƙunƙuni. Bai kore su ba, amma abokansa sun tare Ada a bakin masallaci sun yi masa barazana. Ada yaro ne, ya tsorata, ya naɗe tabarmarsa ya wuce wajen 'yan garinsu a Rigasa. Baba Illa ya zo ya tsuguna daga bakin ƙofa.

"Hajiya, haƙa ba ta yiwuwa babu mai ja. In kin ce in tahi, sai in tahi, babu komi."

Umma ta dubi Anti Talatu, Anti Talatu ta dube ni. Umma ta ɗaure zani ta ce, "Nuna mana yadda ake riƙe igiyar."

Haka muka zama leburori. Ni da Umma mu ja da safe kafin a jiƙa wake, Anti Talatu kuma da ta dawo daga makaranta ta karɓa, tunda ita ba ta azumi. Ranar Lahadi ma daga coci ko ɗankwali ba ta canzawa take kama igiya. Tana ja tana tsokanata, "Nafisa, ja da kyau, ladan azuminki na zubewa ta hammata." Bokitin jar ƙasa ba wasa ba ne, jama'a. Tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe, in na sa shi cikin ƙullun ƙosai mai barkono sai na ga taurari. Maƙogwaro ya bushe har yawu ya zama kamar danƙo. Matan layi in sun dawo daga tanka da jarkokinsu sai su leƙo.

"Sannunku 'yan kwangila! An kusa kai wa Legas ta ƙasa?"

Umma ta ce, "Mun kusa. In mun isa za mu aiko muku da kifi."

Da yamma in kai kunu zaure, in yi tambayata, a ba ni amsata. Gobe.

Rannan, azumi ya shiga goman ƙarshe, muka jera jarkoki tun da hantsi. Shiru. Azahar, shiru. Tankar yamma ma ko ƙurarta. Sai labari ya zo wai manyan jam'iyya sun zauna a wani otal sun yi maslaha, sun ba wani mutum na uku tikiti, wanda ko sunansa ba mu taɓa ji ba. Alhaji ya yi fushi, Injiniya ya yi zuciya, tankoki suka koma inda suka fito. Ashe ma tun farko ba mu ne masu zaɓen ba, nuna wa manya ake yi ana da jama'a.

Nan fa ido ya raina fata. Babu tanka, babu 'yan ga-ruwa tunda an kore su, rijiyoyin layi duk sun ƙafe. Mutane suka koma taimama. Kwanuka suka taru ƙudaje na biki a kai. Wanka ya zama na kofi, shi ma sai wanda ya isa. Yara na tafiya unguwanni masu nisa neman mai burtsatse, su dawo da rabin jarka bayan sun sha rana. Umma ta sauke kaskon ƙosai, don ba a surfa wake da addu'a. Ranar da muka yi buɗa-baki da gari da ƙuli, na ga ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi. Kaskon nan shi ne cinmu, shi ne kayan sallarmu, shi ne kuɗin makarantata. In rijiya ba ta kawo ruwa ba, mun shiga uku a zahiri.

Sai ga masu yi mana dariya sun fara shigowa ɗaya-ɗaya. Ba wanda ya ce a yi haƙuri, kowa sai ya ce, "Kawo in taya ki, hannunki ya gaji." Mai ɗakin ƙofa har da cewa shi dama tun farko ya san rijiya ita ce magana. Anti Talatu ta ce, "Haka ne, Baban Sadiya, mun ji ka sarai lokacin da kake faɗa a zuci."

Yaya Auwal ne ƙarshen zuwa. Ya wuni a ɗaki kamar kazar da ruwa ya daka, sannan ya fito ya tsaya a kaina.

"Ke, matsa."

Ya ja bokiti biyu igiya ta ci masa hannu. Sai ya tuɓe rigar kamfen, ya yaga ta biyu, ya naɗe tafukansa. Fuskar Alhaji ta sha igiya ranar, ba ƙarya. Umma ta gani ta kau da kai, amma na ga tana ɓoye murmushi.

Da hannu ya yi yawa aiki ya yi sauri. Ƙasar da ke fitowa ta tashi daga ja ta koma ruwan toka, ta fara sanyi a hannu. Muna murna sai wayar Baba Illa ta yi ƙara, 'yar ƙaramar nan da ya ɗaure da roba. Matarsa ce. An yi ruwa a garinsu, ƙasa ta jiƙa, kowa ya fita shuka. Ku da kuka tashi a birni ba lallai ku gane ba: ɗan ci-rani in aka yi ruwan shuka a gida, ko zinariya yake haƙa zai ajiye diga. In ya makara, shekara guda ta iyalinsa ta tafi. Akwai motar 'yan garinsu da za ta tashi washegari bayan la'asar.

Umma ba ta roƙe shi ba. Ta ce, "Malam Illa, gonarka ta fi rijiyarmu. Allah Ya saka."

Ya mayar da wayar aljihu. Ya ce, "Ina shiga da sahe. In anka yi azahar ban gani ba, ku yahe mini." Sannan ya juya wajen Yaya Auwal. "Kai, samari. Gobe tare mu ka shiga. In na tahi, wa za ya ƙarasa?"

Yaya Auwal da ke tsoron ƙadangare! Ya leƙa ramin ya haɗiye yawun da babu. Amma da safe ya tuɓe ya bi bayan dattijon, Umma na karanto duk addu'ar da ta sani.

Ranar gidanmu ya cika. Maza na ja, mata na kwashe ƙasa, yara na kai ta bayan gida. Rana ta buɗe wuta, kwanon rufi har ƙara yake. Bokiti ya fito da ƙasa mai danshi. Na gaba ya fito da laka. Na gaba ma laka. Ladan ya fara gyaran murya a lasifika zai kira azahar, na ce shi ke nan, goben Baba ta ƙare. Sai muka ji ƙarar digar ta canza, daga tim ta koma caɓ. Shiru. Can sai muryar Yaya Auwal ta taso daga ƙasa, ta fashe kamar ta ɗan yaye.

"Umma! Umma, yana taɓa min ƙafa! Wallahi yana tsattsafowa!"

Kai! Guɗa, kabbara, Anti Talatu na "Yesu na gode" tana rungume da Umma, ni kuma ina tsalle ina ihu ban ma san me nake faɗa ba. Bokitin da ya fito rabinsa ruwa ne, jajir kamar kunun kanwa, amma ruwa ne. Muka kewaye shi muna kallo, kowa leɓe a bushe, babu mai ikon kurɓa. Anti Talatu kaɗai ta ɗiba a tafin hannu ta ɗanɗana. Muka zuba mata ido kamar masu jiran sakamakon jarrabawa.

"Yaya yake?"

Ta yamutsa fuska. "Laka zalla." Sai ta fashe da dariya. "Amma sanyi kamar daga firji!"

Baba Illa ya fito laka har gira. Ya yi wanka da ruwan da ya haƙo, ya yi salla, ya ɗaure ƙunshinsa. Umma ta ce, "Malam Illa, kai fa matafiyi ne yau, an yarda ka sha. Kurɓi ko kaɗan, kai ka fi kowa haƙƙi."

"Ban hau mota ba tukuna, Hajiya."

Sai Umma ta ciro sabon ɗankwalinta na salla daga akwati, ta tace ruwan da shi har sau ba adadi, ta cika masa gora. Diga kuma ya miƙa wa Yaya Auwal, ya ce a ƙara zurfi kaɗan kafin damina ta sauka, shi zai zo ya karɓi abarsa baɗi. Yaya Auwal da kansa ya ɗaukar masa kaya har tasha. Bayan magariba wayar Umma ta yi ƙara, Baba Illa ne, sun wuce Zariya. Ya ce ya buɗe baki da ruwan gorar. Umma ta ce yaya? Ya ce, "Hajiya, ban taɓa shan laka mai daɗin wagga ba."

Kafin salla ruwan ya kwanta ya yi garau, kaskon Umma ya koma kan wuta, layi guda na ɗiba a gidanmu. Har yau rijiyar nan ba ta sake ƙafewa ba, ruwanta ne wannan da ƙafafuna ke ciki. Yaya Auwal kuwa diga ta zame masa sana'a. Yanzu shi ke karɓo aikin rijiya da na famfo, kuma duk rani Ada na zuwa su yi tare, wanda abokansa suka kora da. Baba Illa gwiwa ta hana shi tafiya, amma ɗansa ya saya masa babbar waya, ya iya tura murya fiye da ni.

Shi ya sa ɗazu ina fitowa daga zauren taro na danna masa saƙo shaf-shaf. Na ce Baba, yau wani ɗan majalisa ya ce a taka wa masu tanka birki, ku kuma a ba ku kati ku riƙa shigowa ba mai tare ku a bakin masallaci. Ban san ko mutumin da gaske yake ba, ban san ko 'yan uwansa za su bari ba, ni dai na tafa masa har hannuna ya tuna igiya.

Yanzun nan amsa ta shigo. Ana jin akuya na kuka a bayansa.

"Madalla, ɗiyata. To yaushe za a ba da katin?"

Na danna na ce, "Gobe, Baba, in Allah Ya so."

Ya turo dariyar da ta kusan ƙare min data, sannan ya ce, "To ku dai kada ku saki igiya."